Tatsuniyar Da Yara Ke Shiga Cikinta: Mene Ne Ƙashin Bayan Wasan Labari?



'Yar uwa, idan kin lura, daren garuruwanmu ya canza kama. Daga nan Nasarawan Doya zuwa Makarfi, Ikara, Kudan da Hunkuyi, a da in an idar da sallar isha'i an ci tuwo, yara kaka suke kewayewa a tsakar gida, ta ce "ga ta nan, ga ta nanku", su amsa "ta zo mu ji ta". Yau kuwa waya suke kewayewa, kai biyar a kan gilashi ɗaya, ba mai cewa uffan sai caji ya ƙare. Abin mamaki shi ne, a can ƙasashen da aka ƙago wayar akwai wani wasa da ke sa yara da manya su kife wayoyinsu, su zauna awa uku ko huɗu, ba su da kayan aiki sai takarda da fensir da fatar baki. Wannan wasa nake so mu duba a yau, mu gane abin da ke riƙe mutane a cikinsa, domin in kin gane shi za ki tarar da cewa kusan duk kayan haɗinsa suna nan a ɗakinki.

Wane irin wasa ne?

Mu kira shi wasan labari. Mutum huɗu zuwa shida sukan zauna a kewayen tebur. Ɗaya daga cikinsu shi ne mai jan labari: shi ke faɗin inda ake, da abin da ake gani, da mutanen da aka tarar. Sauran kuwa kowa yana da mutum ɗaya a cikin labarin wanda yake magana da bakinsa, ya kuma yanke shawara a madadinsa. Wani jarumi ne mai takobi, wata maharbiya ce, wani mai magani. Kowa yana da takardar da aka rubuta ƙarfin mutumin nasa, da wayonsa, da rauninsa, da abin da ke cikin jakarsa.

Mai jan labari zai ce, "Kun iso bakin kogi, gada ta karye, ga kuma rana tana shirin faɗuwa. Me za ku yi?" Sai kowa ya faɗi abin da mutuminsa zai yi. In abin mai sauƙi ne, sai a wuce. In kuwa mai haɗari ne, kamar tsallake kogin da igiya, sai a jefa ɗan lido, wato ɗan dunƙulen nan mai lambobi da ake jefawa a wasan lido, a ga ko an yi nasara. Nasu ma iri-iri ne, akwai mai fuska 4, 6, 8, 10, 12, har da mai fuska 20. Abin da ya fito, shi labari zai bi. Ba a cinye juna kamar a dara, ba kuma wanda ake cewa ya zo na ɗaya. Labari ɗaya yakan ɗauki watanni ana ci gaba da shi mako-mako.

Daga ina ya fito?

Tushensa wasan koyon yaƙi ne. Tun 1824 hafsoshin sojan Furusiya, a ƙasar Jamus ta yau, suke koyon dabarun yaƙi a kan taswira, da alƙalin wasa mai yanke hukuncin abin da ya faru. Daga baya farar hula suka mayar da abin nishaɗi, suna jera 'yan sojojin ƙarfe a kan tebur. Sai wasu Amurkawa biyu, Gary Gygax na jihar Wiskonsin da Dave Arneson na jihar Minesota, suka sauya abu ɗaya: maimakon mutum ya ja runduna guda, sai ya riƙe mutum ɗaya tak, ya shiga da shi duniyar almara. A 1974 suka fitar da wasan da suka sa wa suna Dungeons & Dragons, kamar a ce kurkukun ƙarƙashin ƙasa da dodanni. 'Yan ƙananan littattafai uku ne a cikin kwali, kwafi 1,000 aka fara bugawa. A 2024 wasan ya cika shekara 50, an fassara shi zuwa harsuna da dama, an kuma ƙirƙiro ɗaruruwan wasanni a kan tsarinsa.

Abin da ido ke fara gani

Wanda ya leƙa wasan daga nesa zai ɗauka dodannin nan su ne wasan. To amma dodo riga ce kawai, ana iya canza ta. A 1977 an fitar da Traveller, wanda labarinsa na tafiya sararin samaniya ne. A 1992 kamfanin da ke buga Dungeons & Dragons ya fitar da Al-Qadim, wanda aka gina a kan irin duniyar Dare Dubu Da Ɗaya. A 2002 aka fitar da Nyambe, mai ɗauke da almarar Afirka. Duniya ta canza sau uku, wasa yana nan yadda yake.

Wani kuma zai ce ai ɗan lidon ne. Shi ma a 1991 an fitar da wani wasa mai suna Amber wanda ba a jefa komai a cikinsa, kuma masu yin sa ba su ce sun rasa daɗin ba. Manyan littattafan dokokin ma haka: da yawa daga masu jan labari sukan ajiye dokar da ta tsaya wa labari a wuya.

To in an cire dodo, an cire ɗan lido, an rage littafi, me ya saura? Tukunya dai ba ta zama sai a kan duwatsun murhu uku, kuma duka ukun Bahaushe ya san su tun kafin a haifi Gygax.

Dutse na farko: mai ba da labari da duniyarsa

Wannan ita ce tatsuniya. Kaka ba ta da hoto ko majigi, amma da muryarta kaɗai takan gina dajin da Gizo da Ƙoƙi ke zaune, da kogin da Dodo ke tsare da shi, har yaro ya matso jikin yayarsa don tsoro. Duniyar tana da ƙa'idarta wadda kowa ya sani: Gizo mai wayo ne da tsamin baki, Kura ga kwaɗayi ga wauta, auta shi ke fitar da gida kunya, 'yar bora takan sha wuya kafin ta dace. Arzikin da muke da shi a nan ba kaɗan ba ne. Tsakanin 1911 da 1913 Frank Edgar ya buga Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa har juzu'i uku. A farkon shekarun 1970 marigayi Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya ya fitar da Tatsuniyoyi da Wasanni, littafi na ɗaya zuwa na shida. Ga Ruwan Bagaja da Ganɗoki na 1934, ga Iliya Ɗan Maiƙarfi, ga kuma littattafan yaƙi irin na Abdul'aziz Sani Madakin Gini da samarinmu suka yi ta rububi.

Ki kuma tuna da Magana Jari Ce, wanda Alhaji Abubakar Imam ya rubuta a nan Zariya, aka fara buga shi a 1937. Me aku ya yi amfani da shi wajen hana ɗan sarki Musa fita daga gida zuwa inda maƙiya ke dakonsa? Ba ƙofa ya kulle ba, labari ya dinga ba shi dare bayan dare. Ashe tun tuni an san labari igiya ce ta ɗaure yaro a gida ba tare da ya ji an ɗaure shi ba.

Dutse na biyu: shiga rigar wani

Wannan kuwa ke kanki kin yi shi. Wasan 'yar tsana ne, inda ake yi wa 'yar kara ko 'yar ƙashi kitso da lalle, a yi mata aure, wata ta zama uwar amarya, wata uwar ango, a yi jere da gutsattsarin kwano, a dafa tuwon ƙasa. Haka tashe a watan azumi: yaro ya manna gemun auduga ya zama tsoho, wani ya rataya tarkace ya zama Jatau mai magani, 'yan mata su yi Mairama da Daudu. Duk wanda ya shiga rigar, dole ya yi tafiya da magana irin ta mai rigar, in ya kauce abokan wasa su ce ai ba haka ake yi ba.

Dutse na uku: doka da mai hukunci

A ƙauyukan ƙasar Zazzau an san wasan kalankuwa da samari kan yi bayan kaka, kuma na garin Bomo kusa da Samaru ya yi suna har masana daga Jami'ar Ahmadu Bello suka yi nazarinsa. A ciki akan naɗa sarki da alƙali da 'yan doka da likita, a kafa gwamnatin wasa ta 'yan kwanaki, wanda ya karya doka a gurfanar da shi a ci shi tara, kowa kuma ya amince da hukuncin duk da ya san wasa ne. Baba ta Karo, tsohuwar nan da Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta a Giwa aka buga a 1954, ita ma ta ba da labarin sarautun wasa da samari da 'yan mata na zamaninta suke naɗawa a tsakaninsu.

Abin da ke cikin tukunyar

Kowane dutse shi kaɗai yana da giɓi. A tatsuniya kaka ta riga ta san ƙarshe, yaro sauraro kawai yake yi. Ko ya yi ihu ya ce wa yarinyar kada ta buɗe ƙwaryar, sai ta buɗe. A wasan 'yar tsana kowa yana da bakin magana, amma babu mai raba gardama, shi ya sa sau da yawa yakan ƙare da "na fasa, a ba ni 'yata". Abin da wasan labari ya yi shi ne haɗa ukun wuri ɗaya, sai wani sabon abu ya fito: yaro ya yi zaɓi, zaɓin ya haifar da sakamako, kuma babu wanda ya san ƙarshen labarin, har da mai jan sa. Wannan shi ne ƙashin bayan wasan. Tambayar nan ta "me za ku yi?" ita ce komai.

Bari mu kwatanta. A ce ke ce mai jan labari, yaranki uku na gabanki. Babban ya zaɓi maharbi mai kibiya uku kacal. Ta tsakiya ta zaɓi 'yar fatake mai iya ciniki. Auta ya ce shi yana jin maganar dabbobi. Kika kai su wani gari mai rijiya ɗaya wadda maciji ya hana ɗiba sai ranar Juma'a, kamar dai rijiyar Kusugu ta Daura a labarin Bayajida. Kika ce, "Kun iso ranar Talata, gorarku ba ko ɗigo, tsohuwar da ta sauke ku ta ce ruwan da ya rage mata moɗa ɗaya ne. Me za ku yi?"

Babban zai ce, "Umma, ni harbe shi zan yi." Ta tsakiya ta ce, "A'a Yaya, in ka kuskure fa? Mu sayar da gishirinmu mu sayi ruwa." Auta ya ce, "Ni zan je in tambaye shi abin da ya sa yake hana mutane." Kin ga wannan ta auta ba ki shirya mata ba, Bayajida ma bai yi ta ba. Dole nan take ki ƙago dalili: wataƙila ƙwayayen macijin ne a cikin rijiyar, yana tsoron guga ta fasa su. Labari ya juya ke nan, ya zama na neman inda za a mayar da ƙwai, kuma auta ne ya juya shi. In kuwa suka bi ta maharbi ya harba ya kuskure, to kibiya ta rage biyu, maciji ya fusata, mutanen gari sun taso. Ba a goge abin da ya faru, sai dai a nemi mafita daga inda aka tsaya.

Wannan shi ne abin da waya ba ta iya ba yaro. A bidiyo shi ɗan kallo ne. A yawancin wasannin waya kuwa, duk yawan maɓallan, hanyoyin da mai ƙera wasan ya tsara su kaɗai zai bi, babu maɓallin "tambayi maciji". Ɗan Adam mai sauraro kuwa zai iya karɓar shawarar da bai zata ba ya gina a kanta.

Me yaro ke ƙaruwa da shi?

Duk wadda ta yi karatun koyarwa a kwalejin ilimi za ta tuna da Lev Vygotsky, masanin nan ɗan Rasha da ya rasu a 1934. Ya lura cewa wasan kwaikwayon da yara ke yi a tsakaninsu cike yake da dokoki: yarinyar da ta zama uwa a wasa dole ta danne son ranta ta yi halin uwa, ta haka take koyon kame kai. Mu malaman aji muna ganin gaskiyar haka. Yaron da ba ya iya zama minti biyar yakan jira layinsa ya zo in labari ya kama shi. Mai kunyar magana takan buɗe baki in an ce ba ita ke magana ba, 'yar fatake ce.

Ban da wannan, akwai shawara da 'yan uwa, domin maharbi shi kaɗai ba ya fita, sai da mai ciniki da mai jin maganar dabbobi. Akwai lissafi, tunda ana ƙirga guzuri da kwanakin tafiya. Akwai Hausa, domin a nan ne yaro zai ji kalmomi irin su zabira, kwari da baka, zango da madugu. Babba a cikinsu kuwa, yaro zai ɗanɗana sakamakon gaggawa, ko kwaɗayi, ko cin amana, a wurin da abin da zai rasa bai wuce kibiyar baki ba. Ke ma za ki ga halin 'ya'yanki a fili: wa ke saurin fushi, wa ke tuna tsohuwar da ta ba su ruwa.

Inda za a yi hattara

Uwa za ta tambaya, shin wannan ba koya wa yara ƙarya ba ne? Ƙarya ita ce a faɗi abin da ba haka ba don a yaudari mai ji. Tatsuniya kuwa tana da ƙofar shiga da ta fita, daga "ga ta nan" zuwa "ƙurunƙus", kowa ya san abin da ke tsakani ƙage ne. Ya zo a Sahihul Buhari cewa Nana A'isha (RA) tana wasa da 'yan tsana tare da ƙawayenta a gidan Manzon Allah (SAW). Abu Dawuda kuma ya ruwaito cewa a cikin kayan wasanta har da doki mai fukafukai na tsumma, da Annabi (SAW) ya tambaye ta game da shi ta ambaci dawakan Annabi Sulaiman (AS), sai ya yi dariya.

Amma akwai wurare biyu da ba za a rufe ido a kansu ba. Na farko, littattafan Turawa na wannan wasa cike suke da bokaye masu tsafi da allolin ƙage da ake roƙo. Iyayen Amurka ma sun ta da jijiyar wuya a kan haka a shekarun 1980, har kamfanin ya cire sunayen shaiɗanu daga bugun 1989. In ɗanki ya ci karo da wasan a intanet, ki zauna ki ga abin da ke ciki kafin ki ce e ko a'a. A naki na gida kuwa ke ce mai duniyar: jarumanki su yi nasara da dabara, da haƙuri, da taimakon juna, boka ya zama wanda ake kunyatawa.

Na biyu shi ne ɗan lido. Akwai hadisi a Sahihu Muslim, da wani a Muwaɗɗa ta Imamu Malik, masu tsawatarwa a kan wasan nardu wanda da irin wannan dunƙule ake yin sa, kuma mafi yawan malamai sun hana nardu ko da babu caca. Malaman zamani sun yi saɓani a kan ko hanin ya shafi duk wasan da ake jefa shi. Tunda mun ga wasan na tsayawa ba tare da shi ba, sai a huta da shakka. In aka zo wurin haɗari, ki jefa wa yaro kacici-kacici, ko ki fara karin magana ya ƙarasa, ko ki tambaye shi bakwai sau takwas. In ya amsa kibiya ta samu, in ya kasa ta kuskure.

Yadda za ki fara

Ba ki bukatar sayen komai. Ki zaɓi dare ɗaya a mako, kamar daren Alhamis ko na Juma'a da ba a Islamiyya, bayan isha'i, kada ya wuce rabin awa zuwa awa ɗaya. Kowane yaro ya zaɓi mutuminsa, ya faɗi abu ɗaya da ya iya, da abu ɗaya da yake tsoro, da kaya uku da ke jakarsa. Babban cikinsu ya rubuta a bayan tsohon littafi don gudun gardama.

Ke kuma matsala kawai za ki tanada, kada ki tanadi maganinta. An sace saniyar marainiya. Ayarin masu mazarƙwaila ya ɓace tsakanin Makarfi da Kano. Kura ta zama sarauniyar kasuwa. Ki fara da wurin da suka sani, gonar rake ko bakin rafi, sannan ki zarce da su dajin da ba a taɓa shiga ba. Ki bi su ɗaya bayan ɗaya don kada babba ya danne ƙarami, 'ya'yan ɗakin abokiyar zamanki ma a ba su wuri a tabarmar. In yaro ya kawo shawarar da ba ki zata ba, kada ki ce ba zai yiwu ba, ki ce "gwada mu gani". Kada kuma ki mayar da zaman wa'azi, ki bar sakamako ya yi magana da kansa. Ki tsaya a daidai inda labari ya yi daɗi, kamar yadda aku ya riƙa yi wa Musa. In akwai kaka a gidan, ki ba ta matsayin tsohuwar bakin rafi ko sarauniyar gari, za ki sha mamakin abin da ke cikinta. Bayan 'yan makonni, ki miƙa wa babbar 'yarki jan labarin, ke ki koma 'yar wasa.

'Yar uwa, ƙwace waya daga hannun yaro ba ya wadatarwa in ba a sa masa wani abu a madadinta ba, domin hannun da aka bari wayam zai koma inda ya saba. Abin da mutanen wasu ƙasashe ke sayen littattafai masu tsada don su samu, mu gadonsa muka yi, abu ɗaya kawai za mu ƙara a kan na kakanninmu: mu tsaya a tsakiyar labari, mu dubi yaran, mu ce "to, me za ku yi?" sannan mu saurari amsar da gaske.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya sa su zama sanyin idanunmu.